Minti Bakwai Da Rabi: Lissafin Da Za Ki Yi Wa Ɗanki Mai Tuƙa A-kori-kura

 

Sanyi ya fara sassautawa, tumatir ya nuna a gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, kasuwar Kwanar Gafan ta koma cika tun kafin rana ta fito. Duk wadda take da ɗa ko ƙane ko miji mai tuƙa motar ɗaukar kaya a wannan yanki ta san abin da lokacin nan yake zuwa da shi. Kuɗi suna shigowa, amma barci yana raguwa, nasa da naki. Shi yana kan hanya, ke kina duba waya ko ya kira.

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau shi ne wata ɗabi'a da waya ta kawo wa samarinmu. Ki leƙa abin da ɗanki yake kallo a TikTok ko YouTube idan ya dawo ya miƙe ƙafa. Ba mamaki ki tarar da manyan a-kori-kura biyu masu ƙyalli, an jera su kafaɗa da kafaɗa a wani fili a Amurka. Fitila ta kawo kore, hayaƙi ya tashi, kafin ki gyara ɗaurin ɗankwali sun ɓace. Washegari sai yaro ya nufi gareji ya ce wa bakanike ya "buɗe" masa inji, a yanke salansa, a cire duk abin da ke riƙe mota. Idan an sauke kaya a birni za a dawo, mota ba nauyi, titin Zariya kuma ya yi sumul tun da aka sake gina shi, sai ya haɗu da abokinsa su gwada wa zai riga wani shiga Kura.

Na san abin da kike gaya masa: "Don Allah ka rage gudu." Na kuma san amsarsa: "To, Umma." Kafin ya kai bakin titi ya manta. A ganinsa ke ba ki san mota ba, tsoro ne kawai irin na uwa. Shi ya sa yau zan ba ki ilimin abin, yadda idan kun zauna za ki yi masa magana da yaren da yake girmamawa, wato na taya da nauyi da sakan.

Tseren da yake kallo, ina ya samo asali?

Bayan yaƙin duniya na biyu, samari a jihar Kalifoniya sun riƙa gyara tsofaffin motoci suna tsere da dare a kan titunan gari. Ana ta asarar rayuka, 'yan sanda suna ta fama. A shekarar 1950 aka buɗe wurin tsere a wani filin jirgin sama da ke Santa Ana. A 1951 wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda har yau ita ce babba a wannan wasa. Manufarsa ita ce a janye samari daga titin jama'a, a kai su killataccen wuri mai doka da masu sa ido.

Ga yadda filin yake. Miƙaƙƙiyar hanya ce mai tsawon mita 402, wato rubu'in mil. Mota biyu kacal ke shiga. Babu kwana, babu mai tsallakawa, babu akuya. Akwai katanga hagu da dama. Ana fesa wa hanyar wani sinadari mai danƙo don taya ta kama. Bayan layin ƙarshe akwai wata doguwar hanya wadda ba ta da aiki sai rage gudu, a ƙarshenta kuma tarin yashi da raga don tare motar da birkinta ya ƙi. Motar asibiti da 'yan kwana-kwana suna tsaye tun kafin a fara. Kowace mota sai an duba ta kafin a bar ta ta shiga. Wadda take cinye tazarar a ƙasa da sakan 14, dole direbanta ya sa hular kwano. Idan ta fi haka sauri sosai, sai an girka mata ƙarafa kamar keji a ciki, direba ya sa rigar da wuta ba ta saurin ci.

Duk da wannan tanadi, a watan Yunin 2008 wani ƙwararren direba, Scott Kalitta, ya rasu a jihar New Jersey bayan motarsa ta kama wuta ta zarce ƙarshen fili. Me ƙungiyar ta yi? Ta rage wa motoci mafi sauri tazarar tseren, daga mita 402 zuwa kimanin mita 305, don a sami ƙarin wurin tsayawa. Ki riƙe wannan, za ki buƙace shi a hirarku: mutanen da tsere ne sana'arsu, ranar da suka ga gawa, gudun suka rage wa fili.

Me suke gyarawa idan suna so su rage sakan?

Akwai a-kori-kura da kamfani ke ƙerawa musamman don gudu. Ram TRX da ta fito a 2021 tana da ƙarfin doki 702, kamfanin kuma ya ce tana cinye mita 402 a sakan 12.9. Amma masu wannan wasa sun daɗe da gane cewa a motar ɗaukar kaya, ƙarfin inji shi ne abu na ƙarshe da ake taɓawa. Dalili kuwa yana cikin ƙirarta. Inji da direba suna gaba, baya fayau yake idan ba kaya, kuma yawancinsu tayoyin baya ne ke tura su. Idan aka take totur da ƙarfi, tayoyin sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya, bayan motar ya yi gefe.

Don haka kuɗinsu na farko a taya suke zubawa, mai faɗi mai laushin roba. Na biyu, suna rage nauyi: a sauke safayar taya, a cire akwatin kayan aiki, wasu har kujera da ƙyauren baya. A ƙiyasinsu, duk kilo 45 da aka sauke yana rage kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Na uku, suna gyara ƙasan mota, sifirin da shokozoba, don kada tayoyin baya su riƙa tsalle. Na huɗu, direba da kansa: sun ce tseren ana cinsa ne a mita 18 na farko, kuma mai taka totur a hankali da lissafi shi ke wuce mai takawa da zuciya. Bayan duk waɗannan ne ake zuwa kan inji, shi ma tare da gyaran birki da na sanyaya shi.

Yanzu ki fita ƙofar gida ki dubi motar ɗanki. Tayoyin gwanjo ne, biyu sun yi sanƙo. Idan an yi lodi kwanduna sai sun haura rufin gaba. Birki sai an taka sau biyu yake kamawa. Direban kuma tun ƙarfe uku na dare yake a farke. Abubuwa huɗun farko da masu tseren suke farawa da su duk ya tsallake, ya kama na biyar.

Maganar yanke salansa kuwa, yawanci ƙara kawai take ƙarawa, har kunne ya yaudari mutum ya ɗauka mota ta ƙara gudu. Abin da ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne hayaƙin. Idan bututun bai kai shi bayan mota ba, yana iya shiga inda direba yake. A cikinsa akwai iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kawo ciwon kai, jiri da gyangyaɗi. Idan ɗanki yana yawan dawowa da ciwon kai bayan doguwar tafiya, a duba salansa kafin a sayi fanadol.

Lissafin da ya kamata ku yi tare

Ki ce ya ɗauko wayarsa ya buɗe kalkuleta, ya danna da hannunsa. Daga Kura zuwa birnin Kano kusan kilomita 30 ne.

Idan yana tafiya a kan 80, zai ɗauki minti 22 da rabi. A kan 100, minti 18. A kan 120, minti 15. Wato tsakanin tafiyar hankali da gudun ganganci, ribar duka minti bakwai da rabi ce. Wannan ma idan hanya ta zama tasa shi kaɗai, ba tirela, ba shingen jami'ai, ba cunkoson shiga gari. Minti bakwai da rabi bai isa ki dafa taliyar yara ki sauke ba.

To me ya biya kafin ya sami wannan riba? Mota mai gudun 60 tana cin kusan mita 17 a kowane sakan. Mai gudun 120 tana cin mita 33. Daga lokacin da ido ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafa ta isa birki, lafiyayyen direba yana cin sakan ɗaya ko fiye. Bayan an taka birkin, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, mai gudun 60 zai ja kusan mita 20 kafin ya tsaya. Mai gudun 120 zai ja kusan mita 80. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar birki sau huɗu take ninkawa. A haɗa da sakan ɗin farko, mai 120 ya wuce tsawon filin ƙwallo kafin ya tsaya. Wannan lissafin motar da komai nata lafiya ne. Mai lodin tumatir da sanƙon taya sai abin da ya ƙaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa a cikinsa da kashi 4 cikin 100. Rahotonta na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Shekarun 'ya'yanmu ke nan.

Doka ma tana nan. A ƙa'idar hanya ta Najeriya, cikin gari 50 ne, ƙaramar motar gida a babban titi mai hannu biyu ba ta wuce 100, tasi da bas 90, manyan motoci 60. Tun 1 ga Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Idan abin da ɗanki yake so bakanike ya cire ke nan, ki gaya masa laifi ne a kansa da kan mai motar.

Hanyar gona ba filin tsere ba ce

Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974, yana bin manyan magudanai da ƙanana har cikin gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Hanyoyin da ke gefen magudanan nan na jar ƙasa ne, matsattsu, gefensu yakan yi laushi, ga kwalbatoci da kwanoni masu kaifi. An yi su ne don tarakta da masu kula da ruwa. A kansu yaranmu suke bi su kai abinci gona, a nan mata ke wucewa da kaya a ka, a nan shanu ke tsallakawa. Idan mota ɗaya ta wuce da gudu, ƙurar da ta tayar tana rufe wa ta bayanta ido gaba ɗaya.

A-kori-kura tana da tsayi daga ƙasa, kwandunan da aka jera sama kuma suna ƙara ɗaga nauyinta. Irin wannan mota idan taya ɗaya ta zame gefen hanya, ko aka murɗa sitiyari da sauri don kauce wa rami, kifewa take yi. A bakin magudana kuwa kifewa na nufin faɗawa ruwa. Haka hanyar da ta tashi daga Karfi ta bi Bunkure zuwa Rano: ƙauyuka ne a jere, babura da masu keke da 'yan makaranta duk a kanta suke.

Sai waɗanda ake ɗauka a baya. Da asuba za ki ga mota cike da masu zuwa tsinkar tumatir ko dashen shinkafa, mata da yara, wasu zaune a kan ƙarfen gefe. Babu bel, babu rufi, babu abin riƙewa. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya watso su. Idan dole ne ɗanki ko 'yarki su hau, su zauna a ƙasan bodi, bayansu jingine da gaban mota. Kada su zauna a gefe, kada su hau kan kaya, kada su tsaya. Idan sun ga direba yana tsere da wani, su buga rufi su sauka. Kuɗin yini ɗaya ake asara.

Abin da muke gani a asibiti

A kowane haɗari karo uku ake yi. Mota ta bugi abu ta tsaya. Jikin mutum ya ci gaba da tafiya har ya bugi sitiyari ko gilashi. Sannan kayan ciki, ƙwaƙwalwa da hanta da saifa, su bugi ƙashin da ke kewaye da su. Karo na uku shi ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ne yake yawan ɗauke mana samari.

Karo a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene mai hawa uku. A gudun 100 tsayin ya kusa mita 40. Babu uwar da za ta bar ɗanta ya yi tsalle daga can don ya riga abokinsa sauka.

Baligi yana da jini kusan lita biyar. Karayar ƙashin cinya kaɗai tana iya zubar da fiye da lita ɗaya a cikin naman, ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Karayar ƙugu ta fi haka. Mun sha karɓar saurayi da ya shigo da ƙafarsa yana cewa ba abin da ya same shi, bayan awa biyu ya yi fari fat, saifa ce ta fashe. Wanda ya tsira da karayar laka kuma, wahalar ba tasa ba ce shi kaɗai. Juya shi duk bayan awa biyu, wanke gyambon kwanciya, canza robar fitsari, shekara da shekaru, kusan kullum uwa ce ke yi.

Bel ɗin kujera yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Masu tseren da ɗanki yake sha'awa, a motocinsu mafi sauri bel mai madauri biyar ko fiye suke ɗaurawa. Shi kuma nasa ya zagaya da shi bayan kujera don kada ya takura masa.

Inda mintunan suke ɓuya

Kada ki raina damuwarsa. Tumatir ba ya jira, wanda ya fara isa 'Yankaba yakan fi samun farashi, kuma yawan sawu shi ne yawan kuɗi. Sai dai lokacin da ake asara a wannan sana'a, mafi yawansa mota tana tsaye ake asararsa.

A sha mai tun dare. Kwanduna da igiya su kwana a shirye. A yi waya da mai gona da dillali kafin a kwanta, a san ƙarfe nawa za a fara lodi da wanda zai tarbi kaya. Direban da ya tashi minti ashirin kafin saura ya riga mai gudun 120 isa, bai kuma taɓa wuce 80 ba.

A duba iskar taya da safe kafin ta ɗauki zafi. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana zafi a ƙarƙashin lodi, a zafin Maris da Afrilu kuma ita ce ke fashewa. Fashewar taya ɗaya, ko da an tsira lafiya, ta cinye awa guda, wato ribar gudun sawu takwas.

Wannan kuma ke da kanki za ki iya dubawa. A jikin kowace taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar FRSC tana cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta bai goge ba. Ki ɗauki hoton lambar da wayarki ki nuna masa. Daga ranar zai daina cewa ba ki san mota ba.

Kada lodi ya wuce ƙarfin mota. Nauyi yana sa birki ya yi zafi ya daina kamawa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Gudu a kan gargada da birkin gaggawa kuma suna matse kwandunan ƙasa, a isa kasuwa ruwa na tsiyaya, dillali ya karya farashi. Ga mai: tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take ci, kuma mota ta fi shan mai a 120 nesa ba kusa ba a kan 80.

Akwai maganar da ta shafi cikin gida. Idan motar ta maigida ce, ko taki ce da kika saya da kuɗin adashi, ki dubi balas ɗin da kuka yanka wa direba. Idan ba zai iya haɗa shi ba sai ya yi sawu uku a lokacin sawu biyu, to ba shi kaɗai ke taka totur ɗin ba. Ki sami lokacin da maigida ya huta ku tattauna. Abin da za a rage a balas bai kai kuɗin kwana uku a gadon asibiti ba.

Ki kuma sa ido a kan abin da yake sha don ya hana kansa barci. Taramol tana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya zuwa mutum yana riƙe da sitiyari. Idan kin ga rama, saurin fushi, rashin cin abinci, ko fankon ƙwaya a aljihu lokacin wanki, kada ki yi shiru, kada kuma ki tona shi a gaban ƙannensa. Ki ja shi gefe, ku je ku ga ma'aikacin lafiya tare.

Idan abin ya riga ya faru

Allah ya kiyaye, amma ki adana waɗannan, ki tura wa matan gidanku. Ki sa 122, lambar FRSC, da 112, lambar gaggawa ta ƙasa, a wayarki da tasa.

Kada a fizgo wanda ya ji rauni daga mota sai in akwai wuta ko ruwa. Idan za a ɗaga shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe, a ɗora shi kan katako ko ƙyaure, kada a naɗe shi a kujerar baya.

Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a yi ta ɗagawa ana leƙawa. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki a ciwo.

Kada a ba shi ruwa, madara ko lemo, ko ya roƙa. Yana iya shaƙewa, kuma idan tiyata ta kama, cikin da ba komai ake so.

Duk wanda ya bugu a ka, ko ciki, ko ƙirji, a kai shi asibiti ko da yana tafiya yana magana. A kwana biyun farko, amai, barcin da ba a iya tashinsa, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, kumburin ciki, ko jini a fitsari, duk alamun komawa asibiti ne a take, ko da tsakar dare.

Karaya a fara ɗaukar hoto kafin a yi maganar ɗori. Idan ƙashi ya huda fata, wannan aikin asibiti ne kawai. Idan an ɗaure gaɓa sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi, ko ciwo ya ƙi lafawa, a kwance nan take a tafi asibiti. Ɗauri mai tsanani yana kashe gaɓa cikin awanni. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala, da na Murtala, da na Malam Aminu Kano. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Yadda za ki buɗe maganar

Kada ki tare shi a bakin ƙofa yana sauri, kada kuma ki fara a gaban abokansa. Ki bari ya ci abinci. Ki ce ya nuna miki bidiyon da yake kallo, ku kalla tare. Ki tambaye shi: ina masu tallar rake a gefen wannan hanya? Me ya sa direban ya sa hular kwano? Waccan motar asibitin wa take jira? Ki bar shi ya amsa da bakinsa. Sannan ki kawo lissafin minti bakwai da rabi.

Wataƙila ya ce miki komai ƙaddara ce. Ki ce haka ne, amma ai da dare yana kulle motar, bai taɓa barin makulli a jiki ya ce in an ƙaddara za a sace ba.

Idan kin lura son inji a jininsa yake, kada ki kashe masa shi. Yaron da ya iya sauraron inji ya gane ciwonsa yana da sana'a a hannu. Ki ƙarfafa masa ya koyi gyara a wurin ƙwararre, musamman na motocin zamani masu kwamfuta, waɗanda masu iya su ba su da yawa. Burgewar da yake nema a titi zai same ta a gareji, da kuɗi a kai.

Aikin wannan makon guda uku ne, kuma ba wanda zai ci miki ko sisi: ki duba lambar tayoyi huɗu, ki tabbatar bel ɗin direba yana aiki, ki sa 122 a wayoyin gida. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. Allah ya dawo mana da su gida lafiya, ya sa albarka a noman bana.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.